Hannun Baba Ya Fara Rawa, Mu Kuma Muka Fara Haɗa Masa Kuɗin Mota



Akwai wata al'ada da muka taso muka tarar a ƙungiya, kuma ba mu taɓa zama mun tambayi kanmu ko kullum daidai take ba. Idan ɗayanmu ya kwanta ciwo, aka kwana biyu ba sauƙi, sai a zagaya da faranti bayan sallar Isha'i, a haɗa kuɗin mota, a samo wani yaro ya raka shi gida Arewa. Mukan ce gara ya je gaban danginsa. Al'adar nan ta rufa wa mutane da yawa asiri, ba mu raina ta ba. Amma akwai ciwon da idan aka sa mutum a mota aka mayar da shi ƙauye, nisanta shi aka yi da maganinsa. Saura kaɗan mu yi wa wani dattijonmu haka. Da izininsa da na iyalinsa muke ba da wannan labari, bisa sharaɗin ba za mu faɗi sunansa ba. Za mu kira shi Baba, yadda kowa ke kiransa.

Baba ɗan kasuwar goro ne a Agege, ya haura shekara arba'in a Legas. Shi ke karɓar kuɗin wata-wata na membobi, ya rubuta a babban littafi, ƙarshen wata ya miƙa wa ofishin sakatare. Duk wanda ya taɓa buɗe littafin nan ya san rubutun Baba: manyan baƙaƙe, kamar na allon makaranta, ko ba tabarau ka karanta. To a littafin ne abin ya fara bayyana, mu ne dai ba mu gane ba. Sai ya fara layi da rubutunsa na kullum, kafin ya kai ƙarshen layin baƙaƙen sun ƙanƙance sun cunkushe kamar sawun tururuwa. Muka ce idon Baba ne ya fara rauni, har muka yi masa tayin a kai shi a yanka masa tabarau.

Daga nan sai fuskarsa ta canza. Baba mutum ne mai barkwanci, in yana wurin zama ba a rasa dariya. Sai ya koma ya zauna shiru, fuska a ɗaure, ido ba ya ƙiftawa sosai. Ka gaishe shi ya amsa da murya can ƙasa, sai ka ce ba ya son magana da kai. A nan ne muka yi masa laifin da har yau muke jin kunyarsa. Wasu suka ce tun da ya aurar da 'ya'yansa ya fara ɗaga kai. Wasu suka ce fushi yake da kwamiti saboda wata magana da aka yi a zaɓen shugabanni. Har saƙo aka aika masa a kaikaice, wai in akwai abin da ke ransa ya fito ya faɗa. A masallaci kuma sai liman ya kai rabin Fatiha a raka'a ta biyu kafin Baba ya gama miƙewa daga sujada. In yana tafiya, hannunsa na dama ba ya lilo kamar na kowa, a manne yake da jikinsa, takunsa ƙanana, yana ɗan jan ƙafa.

Rawar hannun ita ce ta zo daga ƙarshe, ko kuma ita muka gani daga ƙarshe. Yana zaune a kan benci, hannun dama a kan cinya, sai babban yatsa da manuni su dinga murza juna kamar mai jan carbi, alhali ba carbi a hannun. Da farko wasu sun ɗauka tasbihi yake yi. Abin da ya rikita mutane shi ne, da zarar ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi, sai rawar ta lafa. Ya ajiye kofin, ya mayar da hannu cinya, sai ta dawo. Masu cewa sammu ne suka samu hujja, suka ce ciwon Allah da Annabi ba ya zuwa ya tafi haka kamar mai wayo. Aka fara nuna wani abokin hamayyarsa na kasuwa da baki. Wasu suka ce tsufa ne kawai, a ƙyale bawan Allah. Wasu suka ce goro ne ya yi masa yawa. Baba ya sha rubutu, an yi masa ruƙiyya, ya sayi magani a jarka wurin masu tallan mota da lasifika. Kusan shekara biyu ana wannan, jari yana zaizayewa, domin ƙirga goro da ɗaure huhu sun fara gagararsa.

Ranar da kwamiti ya zauna a kan maganarsa, ba a yi gardama ba. Kowa ya ce a haɗa kuɗin mota. An ma fara karɓa. Allah Ya sa 'yar wani memba, ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin gwamnati, ta je gaishe shi a gida a makon. Ta zauna ta kalle shi, ta sa ya tashi ya taka zuwa ƙofa ya dawo, ta riƙe hannunsa ta lanƙwasa ta miƙe. Da yamma ta zo tare da mahaifinta wurin shugaba, ta durƙusa ta gaishe mu, ta ce: “Baba shugaba, don Allah ku ba ni wata ɗaya kafin ku sa shi a mota. Ni ba likita ba ce, amma na sha ganin masu irin wannan a wurin aiki, kuma akwai maganin da ke taimaka musu.” Wani dattijo ya ce, “'Yata, tsufa yana da magani ne?” Ta ce, “Baba, ai kun girme shi, ga hannunku nan bai rawa.” Aka yi dariya, aka ba ta watan.

Sai da aka fara zuwa asibitin gwamnati na kusa aka karɓo takardar turawa, sannan aka samu ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a wani asibitin koyarwa. Mutum biyu daga cikinmu suka raka shi, saboda Baba yana jin Yarbanci na kasuwa amma Turanci sai a hankali. Mun zaci za a fara da ɗaukar hoto da na'urori. Likitan bai taɓa wata na'ura ba. Ya sa Baba ya yi tafiya a baranda yana kallonsa ta baya. Ya sa ya dinga haɗa babban yatsa da manuni yana buɗewa da sauri, sai ga shi tun ana ganin buɗewar har ta koma 'yar mitsitsiya, daidai yadda rubutunsa ke yi a littafi. Ya ba shi biro ya ce ya zana da'ira mai nannaɗewa kamar katantanwa. Sannan ya yi tambayoyin da suka ba mu mamaki. Yana jin ƙamshi kuwa? Baba ya ce ya daɗe ba ya jin ƙamshin turarensa, ya ɗauka turaren yanzu ne ba kyau. Bayan gida fa, yana fita da sauƙi? Ya ce shekara da shekaru yana fama da taurin ciki. Da dare yana ihu ko kai duka cikin barci? Ɗansa ya ce ƙwarai, har iyali sun ɗauka aljanu ne ke kokawa da shi. Likitan ya ce duk waɗannan alamomi ne da kan riga rawar hannu zuwa da shekaru. Ya ce sunan ciwon cutar Parkinson.

Ga abin da muka fahimta daga bayaninsa da kuma abin da muka bi muka karanta daga baya. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke samar da wani sinadari mai suna dofamin. Shi ne kamar man da ke sa motsin jiki ya tafi sumul. A cutar Parkinson ƙwayoyin nan suna mutuwa a hankali, kuma kafin alamomi su fito fili an riga an rasa da yawa daga cikinsu. Shi ya sa jiki ke yin nauyi, gaɓoɓi su sandare, motsi ya ragu, har naman fuska ya daina nuna abin da ke zuciya. Ba a ɗaukarta daga wani, ba ta bin abinci ko musabaha. Ta fi kama waɗanda suka haura sittin, ta fi kama maza, amma tana kama masu ƙananan shekaru ma. Babu gwajin jini da ke nuna ta. Ido da hannun ƙwararren likita ne ke gano ta, hoton ƙwaƙwalwa kuma idan an yi, yawanci don a tabbatar ba wani ciwo ne daban ba. Kuma ba kowane mai ita ne hannunsa ke rawa ba. Wani sanyin jiki da sandarewar kawai zai yi.

Sunan ya samo asali ne daga wani likitan Ingila, James Parkinson, wanda ya rubuta bayaninta a 1817, kuma ranar 11 ga Afrilu ta kowace shekara aka ware domin tunawa da masu fama da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum fiye da miliyan 8.5 ne ke ɗauke da ita a duniya. Amma abin da ya shiga kan dattawanmu ba alƙaluma ba ne. Da aka ce musu ciwon Muhammad Ali ne, nan take suka gane, domin da yawansu sun ga lokacin da ya kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta a 1996 hannunsa na karkarwa. An gano masa ciwon a 1984, bai rasu ba sai 2016. Shekara talatin da biyu ke nan. Wannan lissafi ya fi komai kwantar wa iyalin Baba hankali.

Likita bai ɓoye mana ba: ciwon ba ya warkewa, kuma yana ƙaruwa a hankali. Amma akwai magani, lebodofa, wanda idan ya isa ƙwaƙwalwa yake juyewa ya zama dofamin ɗin da aka rasa. Ana haɗa shi da wani mai suna kabidofa a ƙwaya ɗaya, wanda aka fi sani da sunan Sinemet. Tun ƙarshen shekarun 1960 ake amfani da shi, kuma har yau shi ne kan gaba. An fara wa Baba da kaɗan, ana ƙarawa. Cikin 'yan makonni muka ga abin da ba mu zata ba. Ya fara miƙewa daga sujada tare da sahu. Muryarsa ta ɗago. Rawar hannun ba ta tafi gaba ɗaya ba, amma ta ragu. Ƙarshen wata da ya kawo littafi, rubutun bai koma na da ba, amma ana karanta shi.

A wurin zama ne wata rana, ba wanda ya tambaye shi, ya ce: “Duk abin da kuke faɗa a kaina ina ji. Wai na fara girman kai. Wallahi in kuka yi abin dariya ina dariya a cikina, fuskar ce ta ƙi.” Ba wanda ya iya ɗaga kai. Shugaba ne ya yi ƙarfin hali ya ce, “Yaya, ka yafe mana.” Ya ce ya yafe. Shi ma mutumin kasuwar da aka dinga nunawa da baki, sai da muka tura mutum biyu suka je suka ba shi haƙuri, domin maganar ta kai kunnensa tuntuni.

Da a nan labarin ya tsaya da mun ji daɗi. Matsalar da ta biyo baya ita ce kuɗin magani. Daga waje ake shigo da shi, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin magungunan waje ya yi tashin gwauron zabi. Wani lokaci ma da kuɗinka a hannu sai ka zagaya kantunan magani da yawa ba ka samu ba. Kuma ba magani ne na mako biyu ba, na kullum ne, sau uku ko fiye a rana, har ƙarshen rayuwa. Baba mutum ne mai kunya, bai gaya wa kowa ba. Ya fara raba ƙwaya biyu don ta daɗe, daga baya ta ƙare ya yi shiru. Kwana kaɗan aka same shi a ɗaki ya sandare, ko juyawa a kan gado ba ya iya yi. Da aka koma asibiti likita ya yi mana faɗa sosai, kuma yana da gaskiya. Ya ce wannan magani ba a yanke shi farat ɗaya, yin haka na iya jawo sandarewa da zazzaɓi mai zafi da ruɗewa, har a rasa rai. Kuɗin motar da muka haɗa tun farko, wanda ke ajiye wurin ma'aji, shi aka fara sayen magani da shi.

Akwai ƙananan abubuwa da muka koya a hanya, waɗanda masu jinyar irin wannan za su amfana da su. Lokacin shan maganin yana da muhimmanci kamar maganin kansa, don haka jikan Baba ya sa masa ƙararrawa a waya. Nama, wake, madara da ƙwai suna iya rage shigar maganin jiki idan aka haɗa su lokaci ɗaya, shi ya sa aka ce ya sha kamar rabin awa kafin abinci. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe shi ma a raba lokacinsu. In ƙafarsa ta kafe a bakin ƙofa, kamar an manna ta da ƙasa, ba a jansa. Sai a ce ya ƙirga ɗaya, biyu, ko ya tsallake wani layi a ƙasa, sai tafiyar ta saki. An kwashe tabarmi da wayoyin wuta daga hanyarsa saboda faɗuwa. Masu gashin ƙashi sun koya masa motsa jiki, kuma likita ya ce tafiyar ƙafa ta kullum magani ce, kada a ce ya zauna ya huta. Ranar da jiki ya ƙi, yana sallarsa a zaune. Da azumi ya matso, ba mu yanke masa hukunci ba. Ya je ya ji ta bakin likita, ya zo ya ji ta bakin malam, ya bi abin da suka ce. An kuma gargaɗe mu cewa bayan wasu shekaru maganin kan fara sakin mutum kafin lokacin sha na gaba, ko ya jawo wani motsi na daban kamar mutum na murɗa jiki, kuma in an ga haka likita za a koma wa ya daidaita, ba a ƙara ko a rage a gida ba.

Wani ya kawo shawarar waken karara, wannan mai ƙaiƙayin da Yarbawa ke kira werepe. Gaskiya ne ƙwayarsa na ɗauke da lebodofa, kuma masana sun yi bincike a kansa saboda ƙasashen da magani ke tsada. Amma ƙarfinsa ba ɗaya ba ne daga wannan wake zuwa wancan, kuma wanda ya daka a gida bai san nawa ya sha ba. Mun ce kada kowa ya gwada sai da sanin likitansa.

Bayan labarin Baba ya bazu, sai mutane suka fara zuwa ofis a ɓoye, kowa da hannun da yake ɓoyewa a aljihu. A nan muka gane cewa rawar jiki iri-iri ce, kuma kuskure ne mu koma kiran kowace rawa Parkinson kamar yadda a da muke kiran kowace sammu.

Akwai wani matashi mai shayi, bai kai talatin da biyar ba. Shi nasa akasin na Baba ne. In hannunsa na ajiye lafiya lau, amma da ya ɗaga buta zai zuba, sai hannu biyun su kama rawa, shayi ya zube a faranti. Unguwa ta gama yanke masa hukunci cewa ƙwaya yake sha, har maganar aurensa ta kusa lalacewa a kan haka. Da aka bincika, mahaifinsa ma haka yake, kakansa har kai yake girgizawa. Likita ya ce wannan rawar hannu ce mai bin jini, ta ma fi Parkinson yawa a cikin mutane, kuma ba ta sandarar da jiki. Gajiya, fargaba, rashin barci, shayi mai kauri, kofi da goro suna ƙara ta. An ba shi wani maganin da ake ba masu hawan jini, wanda aka sani da Inderal, bayan an tabbatar ba shi da asma, domin mai asma ba ya shan sa. Ya rage shayin da yake sha da kansa. Takardar asibitin da kawunsa ya kai gidan surukai ita ta gyara maganar auren.

Wanda ya fi tayar mana da hankali shi ne na wata yarinya 'yar shekara goma sha huɗu. Ta yi zazzaɓi da amai, aka kai ta wani kemis aka yi mata allurar tsayar da amai. Washegari wuyanta ya murɗe gefe, idanu suka kakkafe sama, harshe ya fito. Gida ya ruɗe, aka kira masu ruƙiyya. Yarinyar tana ji tana gani, tana hawaye, ba ta iya magana. Ma'aikaciyar jinyar nan ce dai aka kira, tambayarta ta farko ita ce wace allura aka yi mata. A asibiti allura ɗaya aka yi mata, cikin ƙasa da awa wuyan ya saki. Magungunan amai irin su Maxolon, Plasil da Stemetil, da magungunan taɓin hankali irin su Largactil, suna toshe aikin dofamin. A yara da matasa sukan jawo irin wannan murɗewa, a manya kuma in an daɗe ana sha sukan kawo rawa da sanyin jiki kamar Parkinson sak. Mai Parkinson kuwa ƙara masa ciwo suke yi, don haka duk inda Baba ya je yanzu da 'yar takarda a aljihunsa da ke cewa kada a ba shi su. Ba cewa muke magungunan ba su da amfani ba, sayensu barkatai ne matsalar.

Sauran a taƙaice. Wata baiwar Allah tana rawar yatsu, tana ramewa duk da tana cin abinci, zuciya na bugawa, zufa ko da sanyi. Gwajin jini ya nuna halittar nan ta gaban wuya, wadda in ta kumbura muke kira maƙoƙo, ita ke aiki fiye da ƙima, kuma wannan yana da magani. Mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abinci ba zai iya kama karkarwa da zufa, abin zaƙi yake buƙata nan take. Mai shaƙar Ventolin hannunsa kan ɗan yi rawa bayan ya shaƙa. Wanda ya saba da giya ko tiramadol in ya daina farat ɗaya jikinsa kan yi ɓari, shi ma asibiti yake buƙata, ba tsangwama kaɗai ba. Sai yara: in yaro ya yi ciwon maƙogwaro, bayan makonni ko watanni ya fara fizge-fizge, yana yar da kofi, rubutunsa ya lalace, ba ya iya zama wuri ɗaya, kada a dake shi a ce rashin ji ne. A kai shi asibiti, a kuma roƙi a duba zuciyarsa, domin ciwon da ke kawo fizgar yana taɓa zuciya.

In ka ga hannun wani naka na rawa, kafin ka yanke hukunci ka lura da kyau, domin abin da likita zai tambaya ke nan. Yaushe take zuwa, hannu na ajiye ko yana aiki? Ɓangare ɗaya ne ko biyu? Tafiyarsa, muryarsa, fuskarsa da rubutunsa sun canza? Akwai mai irinta a dangi? Wane magani yake sha? A tattara kwalayen duka a leda a tafi da su, har da na gargajiya. In da hali a ɗauki bidiyon rawar a waya, domin wani lokaci a gaban likita sai ta ɓuya. Amma in abu ya zo farat ɗaya, baki ya karkace, hannu ko ƙafa suka mutu, magana ta sarƙe, wannan ba na jiran ranar ganin likita ba ne. Alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a nufi sashen gaggawa a lokacin.

Likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kaɗan ne a ƙasar nan, kuma yawancinsu a asibitocin koyarwa suke. Abin da ya ba mu kunya shi ne, mutanenmu nawa ne ke zaune a Idi-Araba, jikin katangar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, suna kasuwanci a bakin ƙofarsa shekara da shekaru, ba mu san cewa a ciki akwai masana wannan ciwo da duniya ta san da su ba. Farfesa Njideka Okubadejo ta can tana cikin jagororin wani babban bincike da aka wallafa a 2023, wanda ya gano wani sauyi a ƙwayar gado da ke ƙara haɗarin Parkinson ga mutanen da asalinsu Afirka ne, kuma 'yan Najeriya da yawa aka yi binciken da su. 'Yan uwanmu na Sabo suna da asibitin koyarwa na Ibadan, haka na Benin, Inugu da Fatakwal kowa da nasa. Ba muna cewa Arewa ba likitoci ba ne. Akwai asibitin Malam Aminu Kano, akwai na Shika a Zariya, akwai na Sakkwato da Maiduguri. Amma ƙauyen su Baba tafiyar sa'o'i ce zuwa mafi kusa a cikinsu, kuma da mun tura shi ba tare da an san sunan ciwon ba, a ɗaki za a ajiye shi a ce tsufa ne.

A zaman kwamiti na watan jiya an amince da abu biyu. Daga yanzu ba za a fitar da kuɗin mota daga asusun taimako ba sai mara lafiya ya ga likita an san abin da ke damunsa. In bayan nan shi da iyalinsa suka zaɓi tafiya gida, za a raka shi da takardunsa da maganin da zai kai shi, a kuma haɗa shi da asibitin koyarwa mafi kusa da garinsu. Na biyu, an buɗe shafi na musamman a littafi domin masu shan magani na dindindin, don kada a sake samun wanda ya raba ƙwaya biyu saboda kunya. Wasu dattawa ba su ji daɗin sharaɗin farko ba, sun ce muna wahalar da mara lafiya da layin asibiti. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, layin yana da tsawo, kuma wani lokaci sai an jira makonni kafin ranar ganin likita. Shi ya sa muke neman matasa masu jin Turanci da za su ba da sunansu domin rakiya, ko sau ɗaya ne a wata.

Mai son ba da sunansa, ko mai wani nasa da yake son a raka, ya samu sakatare bayan sallar Juma'a, ko ya turo saƙo ta akwatin wannan shafi. Ba za a bayyana sunan kowa ba. Gudummawar sabon shafin kuma wurin Baba za a kai, shi ke riƙe da littafin har yanzu. Ya ce a gaya muku ku zo da safe tsakanin tara da sha ɗaya, lokacin maganin ya kama jikinsa, hannun ya fi biyayya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Wassalam.